Wayoyi Biyu a Kular Edna

A layinsu na Federal Low-Cost ba mai kiransa Lazarus. Hedimasta ake ce masa, ko da yake shekara tara ke nan rabonsa da alli. Dogo ne, siriri, mai tafiya da sauri kamar ana jiransa a wani wuri, alhali ba abin da ke jiransa sai kujerar roba a baranda. Ko tumatir zai je saye sai ya soke riga cikin wando, ya maƙala jan biro a aljihu. In ka kawo masa katin biki, kafin ya duba ranar ya riga ya gano maka kuskure biyu, kuma ba zai bar ka ka tafi ba sai ya nuna maka su.

Mutumin Tangale ne, haifaffen wani ƙauye a bayan Billiri. Ubansa manomin dawa ne, wanda ya tura shi makaranta don ya ga yaron nan da fartanya ba sa ga-maciji, kuma tsohon bai yi kuskure ba. Lazarus ya koyar shekara talatin da biyar, daga wannan ƙauye zuwa wancan, har aka dawo da shi Gombe 'yan shekaru bayan ta zama babban birnin jiha. Cikin yaran da ya koya wa baƙi da wasali akwai waɗanda yau suke zaune a GRA. Sukan tsayar da mota su fito su rusuna masa. Shi kuwa ba ya riƙe fuska, rubutun mutum yake riƙewa. "Kai ne mai rubutu kamar tonon kaza," zai ce, sai ka ga babban mutum yana dariya yana sosa ƙeya.

Matarsa Edna ba ta yi kama da shi ta ko'ina ba. Gajera ce, mai jiki, dariyarta tana rigan ta shiga gida. Ta yi aikin buga takardu a wata ma'aikata har ta yi ritaya, kuma tun daga keken rubutu ba na'urar da ta taɓa ba ta tsoro. Ita ta fara sayen babbar waya ta shafawa a gidan, lokacin shi yana nan da 'yar ƙaramarsa mai tocila, yana cewa waya ai don kira aka yi ta.

Da ta bar aikin gwamnati sai ta ɗauko wa kanta wani. Ta lura tsofaffin matan ƙasarsu suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowace da waƙoƙinta a baki, na niƙa, na raino, na dawowa daga gona, har da na coci irin na farko-farko waɗanda ba a taɓa rubutawa ba. 'Yarsu Nancy, ma'aikaciyar jinya a Abuja, ta sa mata wata manhajar ɗaukar murya, ta kuɗi, mai tace hayaniya, ta kuma ɗauki nauyin biyanta duk wata. Shi ke nan Asabar ta zama ranar tafiya. Lazarus ne direban babur, shi ne kuma mai riƙe waya, kuma dokar Edna ɗaya ce tak: mai riƙe waya ba ya magana. Ko tari ne ya zo masa sai ya haɗiye abinsa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cewa a yi shiru, sai ga shi a tsugune gaban tsofaffi bakinsa a kulle, matarsa tana harararsa in ya motsa. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma yana jin daɗin abin ƙwarai.

Sauti sittin da ɗaya suka tara. Sittin na tsofaffi ne. Na ƙarshen Edna ce da kanta, a barandar gida, tana rera wata waƙar niƙa ta kakarta da ta faɗo mata rana tsaka. Bayan mako uku ta kwanta ciwo, kuma ba ta tashi ba.

A nan Hedimasta ya yi kuskuren da ba jan biron da zai gyara shi. Bayan jana'iza wayarta ba ta daina ƙara ba. 'Yan zumuntar mata na nesa da ba su ji labari ba, mai kawo mata doya, wata tsohuwa daga Kaltungo da ta tuno wata waƙa, kowa ya kira sai ya ce a ba shi Mama Edna. Kullum sai ya sanar da rasuwar matarsa sabuwa fil. Rannan ya gaji. Ya cire layinta, ya naɗe shi a takarda, ya sa a tsakiyar littafin waƙoƙinta na coci, inda a ganinsa ba abin da zai same shi. Ya zura nasa layin a wayar ya ci gaba da amfani da ita. Nancy ta aiko masa da sabuwa a Kirsimeti, ya yi godiya sosai, ya ɗora ta a kan wadirob da kwalinta.

Haka aka yi shekara biyu. Wayar ta tsufa a hannunsa, gilashinta ya tsage a gefe, batir ba ya kai azahar. Da yamma yakan kunna waƙoƙin tsofaffin nan a baranda. Na sittin da ɗaya kaɗai bai taɓa dannawa ba. Ya san yana nan a ƙasan jeri, minti bakwai, kuma sanin yana nan ya ishe shi. Tsoro yake ji, ba wani abu ba.

A tsakiyar watan Maris sai ga saƙo ya rufe fuskar manhajar. Da Turanci aka rubuto, ya karanta sau uku bai sami kuskure ko ɗaya ba, abin da ya ƙara ɓata masa rai. Masu manhajar sun ce daga ɗaya ga Afrilu ba za ta ƙara buɗewa a kan wayoyi masu tsohon tsari irin tasa ba, tun da an daina sabunta irinsu. Duk mai son kayansa ya shiga asusunsa a sabuwar waya.

Ya kira Nancy.

"Baba, wannan ba komai ba ne," in ji ta. "Sauko da sabuwar nan daga kan wadirob, na san can take. Ka sa sunan Mama da kalmar sirrinta, komai zai dawo."

"Mece ce kalmar sirrin?"

"Ba ta gaya maka ba?"

"Ni mai riƙe waya ne kawai."

Sun gwada ranar haihuwarta, ranar aurensu, sunan Nancy, sunan ƙauyensu, duk manhajar ta ƙi. Nancy ta ce to ya danna inda aka ce an manta, za a aiko lambobi shida zuwa layin Mama. A nan Hedimasta ya yi murmushi, irin na wanda ya san darajar ajiya. Ya ɗauko littafin waƙoƙi, ya warware takarda, ga layi nan tas ko ƙura babu. Ya sa a sabuwar waya, ya jira, ba abin da ya motsa. Nancy ce ta yi masa bayani a hankali, da muryar da take yi wa marasa lafiya magana: layin da aka daɗe ba a taɓa ba akan karɓe shi a ba wani. Ajiyar nan tasa ita ta kashe shi.

Da yake ba mai saurin karaya ba ne, sai ya ce ai wanda aka ba layin mutum ne, za a yi magana. Ya buga lambar da ka, rabon da ya buga ta tun mai ita tana ɗauka. Wani namiji ya amsa daga cikin hayaniyar kasuwa.

"Salamu alaikum, ɗan'uwa. Sunana Malam Lazarus, daga Gombe nake kira. Wannan layi da ke hannunka na matata ne da ta rasu. Yanzu wasu lambobi shida za su shigo maka, in za ka taimaka ka karanto min su..."

"Baba," mutumin ya katse shi, "da jin muryarka ka manyanta. Ka ji tsoron Allah. Har da matar da ta mutu za ka saka a ciki?"

Ya kashe. Kira na biyu bai ma shiga ba. Lazarus ya daɗe zaune da waya a cinya. Ko bara shi da kansa ya tsaya gaban jama'a a coci ya gargaɗe su: duk wanda ya kira ya ce ku karanto masa lamba, ɗan damfara ne, ku kashe. Da mutumin nan ɗalibinsa ne, goma bisa goma zai ba shi. Nancy ta rubuta wa masu manhajar, bayan kwana uku suka amso cikin ladabi cewa a shirye suke su taimaka, za su aiko lambobi shida zuwa layin mai asusun.

Sai ya hau keke ya tafi wajen Malam Jalo a bakin tsohuwar kasuwa. Jalo Bafulatani ne mai furfura, sa'ansa, wanda ya gyara masa rediyo da rakoda tun zamanin kaset, ya koma gyaran waya da zamani ya juya. Jalo ya jona wayar da kwamfuta, ya laluba, ya danna nan ya danna can, ya cire tabarau.

"Hedimasta, kayan suna ciki, amma a kulle suke. Manhajar nan kaɗai ke iya buɗe su. Maɓallin turawa kuma ya ce sai an sabunta, wayar kuwa ba ta sabuntuwa. Ranar da suka rufe, sun rufe."

"Wato ba dabara."

"Ban ce ba." Jalo ya mayar da tabarau. "Ka manta yadda muke kwafar kaset a da, in ba mu da igiya? Rakoda biyu, baki da baki. Wannan ta faɗa, waccan ta ɗauka. Kana da sabuwar waya, kana da kunne, kana da kwana tara. Abu ɗaya kawai kake nema, wurin da ba hayaniya."

Hedimasta ya fito daga shagon da ƙarfinsa. Irin wannan aiki ya san shi, mai faɗa da mai rubutawa, shifta ke nan. Sai dai wurin da ba hayaniya ba shi da shi. Bangonsa ɗaya da shagon Babakura, Babarbare mutumin Bama, wanda ya zo Gombe da matarsa Falmata shekara sha ɗaya da suka wuce, da kayan jikinsu kawai, ya lallaɓa har ya kafa injin markaɗe. Injin nan daga hantsi har magariba yake kuka. Gwajin farko da Lazarus ya yi a falo, da ya saurara, sai ya ji tsohuwar Kaltungo tana waƙa kamar an tura ta cikin injin tare da wake.

Abin da ya fi sauƙi shi ne ya leƙa ya yi wa maƙwabcinsa magana. Amma Hedimasta gara ya taka daga nan zuwa unguwar Manawashi da rana tsaka da ya roƙi alfarma. Ta yaya zai ce wa mutum ya kashe abincinsa saboda waƙa? Ya yi ta zagaya gida yana neman mafita, har idonsa ya faɗa kan kular Edna a sito. Babbar kula ce, ja, wadda take cikawa da dafa-duka duk ranar taron zumuntar mata, sunanta a rubuce a gefe da fenti don kada ta ɓata. Abin da ke hana zafi fita, in ji shi a ransa, zai hana ƙara shiga. Ya wanke ta, ya shimfiɗa zanen Edna biyu a ciki, ya kwantar da wayoyin baki da baki, ya danna wannan ya danna waccan, ya rufe murfi. Da ya buɗe ya saurara, muryar tsohuwa ta fito tar, injin Babakura can nesa kamar kukan sauro. Ya yi tafi ɗaya shi kaɗai a falo.

Ya zana jadawali a bayan tsohuwar kalanda. Wasu sautukan minti biyar ne, wasu sun haura rabin awa, don tsohuwa in ta fara ba a tsayar da ita. Kowanne sai ya zauna ya tsare kula da agogo a hannu, ya buɗe, ya saurari kwafin daga farko har ƙarshe, sannan ya ja masa maki da jan biro. Lokacin zafi ne, zafin Gombe na Maris, kuma tsohuwar wayar takan fito daga kula da ɗumi kamar ƙwai, amma tana fitowa da rai. Babakura ya gan shi rannan yana fito da kula ta sha iska, ya tambaya ko biki ake shiryawa. Da ya ji bayani ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Baba Hedimasta, na rantse wannan dabarar Bafulatani ce. Su ne za su sa waya a kwanon abinci."

"Rabi tasa, rabi tawa," in ji Lazarus. Bai ce masa komai game da injin ba.

Ranar talatin ga wata da hantsi ya ja wa na sittin maki. Saura ɗaya, minti bakwai, kuma yana da yini biyu. Sai ya tuna babur yana son wanki. Ya wanke babur, ya je aski, ya biya ta gidan wani tsohon abokin aiki da ya shekara bai gani ba. Washegari da safe ya ce bari rana ta ɗan yi, da rana ta yi ya ce bari ya ci abinci. Ya riga ya shirya yadda zai yi: zai danna, ya rufe murfi da sauri kafin ta buɗe baki, kwafin kuma ba zai saurara ba, Nancy zai tura wa ta ja makin. Kular nan ta zame masa rufin asiri. Amma ko dannawar ma ta gagare shi sai wajen ƙarfe uku, lokacin da kwanon rufi yake tiriri, an kuma ɗauke wuta tun safe.

Ya danna, ya rufe, ya fita tsakar gida ya tsaya yana kallon agogo. Minti takwas ya ba su don kada a yanke wutsiya. Da ya ɗaga murfi wani zafi ya buso masa. Fuskar tsohuwar wayar baƙa ƙirin, bayanta ya ɗan kumbura, ta yi zafi kamar tandar masa. Ya duba sabuwar. Layin nan da ke rawa in akwai murya ya ɗan motsa a farko, daga nan ya miƙe sambal har ƙarshe. Ya danna maɓallin kunnawa na tsohuwar, ya sake dannawa, ya riƙe. Ba ta ko ƙyafta ba.

Ya zauna a ƙasa kusa da kula. Waƙoƙin mutane sittin ya tsirar, ta matarsa kaɗai ya bari ta ƙone, kuma ba wanda ya jawo sai shi da tsoronsa. Ji ya yi kamar an sake kiransa daga asibiti.

Da ƙyar ya lalubo lambar Jalo a sabuwar wayar, inda ya riga ya mayar da layinsa.

"Kada ka sa ta a caji," in ji Jalo. "Kada ka danna ta kuma. Ka bar ta ta huce a inuwa, inda iska ke bi. In ta tashi, ba za ta daɗe ba, batirin ya gama yawo. Kuma Hedimasta, don Allah kada ka sake rufe ta a cikin komai. A fili za ka yi."

Ya fito baranda da waya a tafin hannu kamar ɗan tsako mara lafiya. Falmata ce ta hango shi daga bakin shago, ta ga fuskarsa, ta ajiye bokitin da ke hannunta ta matso. Da ta ji abin da ya faru sai ta jiƙa tsumma ta matse, ta shimfiɗa a kan murfin randar da ke lungun baranda, ta karɓi wayar ta kwantar a kai, ta ɗauko faifai ta hau fifita. Sannan ta juya ta yi wa mijinta magana da Barbarci.

Injin ya yi tari ya mutu. Babakura ya fito yana goge hannu a jikin riga.

"Baba Hedimasta, ashe kwana tara ke nan ƙarar injina kake gudu? Bango ɗaya tsakaninmu ba za ka iya faɗa min ba?"

"Abincinka ne, Babakura. Ga mata can a layi."

"Za su jira. Ni da muka fito daga Bama, ko hoton mahaifiyata ban ɗauko ba. Yau in ka ce in tuno muryarta, sai na rufe ido na daɗe, wani lokacin ma ba ta zuwa. Kai kana da minti bakwai."

An yi la'asar, lokacin da markaɗe ya fi ciniki. Mata kusan goma ne a bakin shagon da bokitan tattasai da wake, kowace da tukunya tana jira a gida. Falmata ta yi musu bayani a taƙaice. Yawancinsu sun san Mama Edna, wasu sun ci daga kular nan. Ba wadda ta tafi. Babakura ya taka zuwa bakin layi ya tsaya yana ɗaga wa masu keke hannu su bi ta baya.

Bayan kusan rabin awa Lazarus ya taɓa wayar ya ji ta yi sanyi. Ya yi addu'a a ransa, gajera, wadda ba ta da ko tsari, ya danna. Ta yi jim, sai fuskar ta kawo haske. Batir ja ne, saura kaɗan. Manhajar ta ɗauki lokacinta kafin ta buɗe, saƙon nan na ɗaya ga Afrilu ya fito, ya kawar da shi, ya gangara ƙasan jeri. Ya jingina sabuwar wayar a bakin tsohuwar a kan randa, ya danna ta, jan ɗigo ya fito. Babu murfin da zai rufe yanzu. Ya tsuguna kamar yadda ya saba tsugunawa gaban tsofaffi, ya danna na sittin da ɗaya.

Aka fara jin ƙarar jan kujera, da gyaran murya. Sai ga ta, tar, kamar daga kicin ta fito.

"Baban Nancy, ka danna kuwa? Jan ɗigon ya fito?"

"Na danna, Maman Nancy," in ji shi.

Bai san ya faɗa ba sai da ya ji kansa. A wancan karon, shekara biyu baya, kai kawai ya gyaɗa mata, don mai riƙe waya ba ya magana, shi ya sa akwai ɗan shiru a wurin. Cikin shirun nan maganarsa ta faɗa.

"Yawwa," in ji Edna, ta yi 'yar dariyarta, ta fara.

Waƙa ce da yarensu, ta mace tana niƙan dawa tana yi wa dutsen niƙa tsiya, tana ce masa shi ma rago ne kamar mijinta, sai an tura yake motsi. Ya manta cewa waƙar ban dariya ce. Shekara biyu yana gudunta yana zaton kuka ne a ciki, ashe tsokanarsa take yi. Hawaye na zuba, kafaɗunsa na rawa, ya toshe baki da hannu don kada dariya ta fito. Matan da ke tsaye ba su jin yaren, ban da guda biyu, su ma sun toshe baki. Layin Federal Low-Cost bai taɓa yin shiru irin na rannan ba. Edna ta kai ƙarshe, ta ja numfashi, ta ce, "To, kashe." Ya kashe sabuwar. Tsohuwar ba ta jira shi ba, ta ɗauke da kanta.

Falmata ta ɗaga wa mijinta hannu, ya dawo daga bakin layi. "An samu?" ya tambaya.

"An samu," in ji Lazarus. Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya ji jikinsa sakayau, kamar ranar da ake rufe makaranta a ba da hutu. Ya bi matan ɗaya bayan ɗaya yana godiya, abin da ba a saba gani ba, sannan injin ya tashi.

Sai da ya zauna malamin da ke cikinsa ya farka. Ya karya doka, ya yi magana a cikin ɗauka, kwafin ya ɓaci. Ya ce in an kawo wuta zai yi caji ya sake mai tsabta. Ba a kawo wuta ba sai washegari da hantsi. Wayar ta tashi da ƙyar, ya taɓa manhajar, ta nuna masa farin shafi da layi biyu na Turanci, ba ta ƙara buɗewa ba. Ya dube ta, ya ga bai ji komai ba. Ya naɗe tsohuwar a zanen Edna ya sa a durowa.

Jalo ya nuna masa yadda ake turawa. Wannan karon bai yarda da ajiya wuri ɗaya ba: ya tura wa Nancy duka, ya tura wa shugabar zumuntar mata, ya sa Jalo ya zuba a 'yan katunan memori uku, ɗaya ya ba Babakura ya ajiye masa. A ƙasan na ƙarshe ya rubuta wa Nancy cewa akwai kuskure a daƙiƙa ta tara, muryar mai riƙe waya ta shiga, in da hali a nemi wanda zai goge.

Ba ta amsa ba sai bayan awa guda, kuma kira ta yi.

"Baba, sau biyar na ji. In ka bari wani ya taɓa wurin nan, ni da kai ne."

"Amma dokar mamanki..."

"Ai ta ji ka, ta ce yawwa."

Ya ajiye waya ya ɗauko kalandarsa. Sittin suna da maki, na sittin da ɗaya ne kawai fili. Ya cire jan biro daga aljihu ya ja masa nasa. Da yamma ya fito da kujerar roba baranda, injin Babakura yana ta kukansa, ya kanga waya a kunne ya danna. Edna ta tambaya ko ya danna, ya ji kansa ya amsa, ta ce yawwa, ta fara.